Iida Dakotsu: Rayuwa da Waƙoƙin Mawaƙin Tsaunukan Japan

1.0 GABATARWA

A darussan da suka gabata an yi nazarin rubutacciyar waƙar Hausa ta fuskar jigo da salo da zubi da tsari. Ɗalibi ya riga ya saba da waƙa mai baiti talatin ko hamsin ko ma fiye, wadda ke buɗewa da sunan Allah da salatin Annabi, ta warware jigonta daki-daki, sannan ta rufe da addu'a. A wannan darasi za a leƙa adabin wata al'umma mai nisa, wato mutanen Japan, domin a ga wani nau'in waƙa da ake kira haiku, wanda tsawonsa gaba ɗaya bai wuce na baiti guda na 'yar ƙwar biyu ba. Amfanin kwatanta adabi shi ne yakan sa manazarci ya ga abin da sabo ya rufe masa ido a kai a cikin nasa adabin.

An gina darasin a kan rayuwar mawaƙi guda, mai suna Iida Dakotsu, wanda ya rayu daga 1885 zuwa 1962. Yana da shekara 24 ya bar karatun jami'a a Tokyo, ya koma ƙauyensu da ke gindin tsaunuka, ya ci gaba da zama a can shekara 53 har ƙarshen rayuwarsa. A zamanin nan duk mai son yin suna a fagen adabi Tokyo yake nufa, shi kuwa sai ya juya mata baya. Tambayar da darasin zai bi diddiginta ita ce: me zaman wuri ɗaya ya ba waƙar wannan mutum, kuma me malamin waƙa zai koya daga ciki?

2.0 MANUFAR DARASI

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar haiku da ginshiƙanta uku;
(b) kawo taƙaitaccen tarihin Iida Dakotsu;
(c) fito da jigogi da salon waƙoƙinsa;
(d) nuna yadda muhalli ke yin tasiri a kan mawaƙi;
(e) amfani da abin da ya koya wajen koyar da waƙa a aji.

3.0 ƘUNSHIYAR DARASI

3.1 Ma'anar Haiku da Ginshiƙanta

Haiku ta samo asali ne daga wata doguwar waƙa ta haɗin gwiwa, inda mawaƙa kan zauna tare, wannan ya kawo baiti, wancan ya ɗora nasa, har a sami sarƙa mai tsawo. Baitin farko na sarƙar, wanda ake kira hokku, shi ne mafi daraja, kuma yawanci babban baƙo ake bai wa ya tsara shi. Sannu a hankali sai wannan baiti ya tsaya da ƙafarsa. Matsuo Basho (1644–1694) shi ne ya ɗaga darajarsa daga wasan raha zuwa adabi mai zurfi. A ƙarshen ƙarni na 19 Masaoka Shiki (1867–1902) ya raba shi da sarƙar baki ɗaya, ya yaɗa sunan haiku, ya kuma yi kira ga mawaƙa da su zana abin da idonsu ya gani kai tsaye, maimakon maimaita tsofaffin kalaman magabata.

Ginshiƙi na farko shi ne awo. Haiku tana da bugu 17, waɗanda aka kasa gida uku: 5, 7, 5. Sau da yawa akan ce gaɓa 17 ce, amma wannan bai cika daidai ba. Abin da Japanawa ke ƙirgawa ya fi gaɓa ƙanƙanta: dogon wasali bugu biyu ne, haka kuma baƙin da ya rufe gaɓa yana da nasa bugun. Sunan birnin Tokyo, alal misali, gaɓa biyu ne amma bugu huɗu, domin wasulansa biyu duka dogaye ne. Ɗalibin Hausa ba zai sha wahalar gane wannan ba, tun da ya san bambancin gaɓa mai nauyi da marar nauyi a awon waƙa. Idan aka ba marar nauyi bugu ɗaya, mai nauyi bugu biyu, to kalmar "hazo" bugu uku ce, "tsauni" huɗu, "damina" biyar. Ke nan kalmar "damina" ita kaɗai ta cika kason farko na haiku. A Japananci akan rubuta waƙar a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Masu fassara ne suka saba raba ta ɗango uku. Haiku ba ta da amsa-amo.

Ginshiƙi na biyu shi ne kalmar yanayi, wadda suke kira kigo. Shekarar Japan ta kasu gida huɗu: haru, lokacin da sanyi ke janyewa itatuwa su yi toho da fure, natsu, lokacin zafi da ruwan sama, aki, lokacin girbi da sanyin iska, wanda ya yi kusa da kakarmu, da fuyu, lokacin tsananin sanyi da dusar ƙanƙara. Kowace haiku ta gargajiya tana ɗauke da kalma guda da ke nuna ɗaya daga cikinsu. Akwai kundaye na musamman, da ake kira saijiki, waɗanda suka tattara dubban irin waɗannan kalmomi. Idan aka ce "wata" kawai, to watan kaka ake nufi. Haka raɓa ma ta kaka ce. Tsauni kansa yana da kirari huɗu a cikin kundayen: yana dariya a lokacin toho, yana ɗigar ruwa a lokacin zafi, yana ado a lokacin kaka, yana barci a lokacin sanyi. Asalin wannan mutuntarwa daga bayanin wani mai zane ne na ƙasar Sin, Guo Xi, wanda ya rayu a ƙarni na 11.

Ginshiƙi na uku shi ne yanka. Akwai wasu ƙananan kalmomi, kamar ya da kana da keri, waɗanda aikinsu shi ne su datse waƙar gida biyu, ko su rufe ta da dogon numfashi. Mawaƙi kan ajiye hoto ɗaya a wannan gefe, wani a wancan, ya ƙi faɗar abin da ya haɗa su. Cike wannan giɓi aikin mai karatu ne.

3.2 Haihuwa da Muhalli

A al'adar Japanawa sunan gida ke zuwa a farko, don haka Iida sunan zuriya ne. Sunansa na yanka Takeharu. Dakotsu laƙabin waƙa ne, kuma ana rubuta shi da alamomi biyu: ɗaya tana nufin maciji, ɗayar kuma wata faffaɗar sanda da fadawan sarki kan riƙe a lokacin biki.

An haife shi ranar 26 ga Afrilu, 1885, a ƙauyen Gonari da ke jihar Yamanashi. Daga baya yankin ya koma ƙarƙashin sunan Sakaigawa, yanzu kuma yana cikin birnin Fuefuki. Yamanashi, wadda tsohon sunanta Kai, tana cikin 'yan jihohin Japan da ba su taɓa teku ba. Tsakiyarta wani kwari ne mai faɗi inda babban birninta Kofu yake, tsaunuka kuma sun zagaye shi kamar bakin akushi. Ta kudu akwai tsaunin Fuji mai tsayin mita 3,776, wanda ya fi kowane tsawo a ƙasar. Ta yamma akwai jerin tsaunukan Akaishi, inda Kita-dake yake, mai mita 3,193, na biyu a tsawo. Ƙauyen su Dakotsu yana gefen kudu na kwarin, a kan gangaren tsaunukan Misaka, ta yadda mutum zai tsaya a bayan gida ya hango kwarin a ƙasa da jerin ƙololuwa a can nesa. Rani a wurin yana da zafi mai dafa jiki, hunturu kuma yana zuwa da busasshiyar iska mai yanka fata.

Gidansu tsohon gida ne na masu filaye, wanda ya riƙe shugabancin ƙauye a zamanin da. Sana'ar yankin a lokacin noma ce da kiwon tsutsar siliki. Tsara haiku kuwa abu ne da manoma masu hali suka saba yi a tarukansu, saboda haka tun yana yaro ya buɗe ido ya ga manya suna yi. Shi ne ɗan fari, wanda bisa al'ada shi zai gaji gida da gonaki da alhakin kula da dangi. Wannan matsayi shi ne ya yanke masa hukuncin da za a gani nan gaba.

3.3 Zaman Tokyo da Komawa Gida

A farkon shekarun 1900 Dakotsu ya tafi Tokyo neman ilimi, har ya shiga Jami'ar Waseda, inda ya karanta adabin Ingilishi. A lokacin ba haiku kaɗai ce a gabansa ba, domin ya gwada rubuta waƙar zamani da ƙagaggun labarai. A can ya ƙulla abota da Wakayama Bokusui (1885–1928), wanda daga baya ya zama fitaccen mawaƙin tanka, wato 'yar'uwar haiku mai bugu 31. Ya kuma shiga ƙungiyar haiku ta ɗaliban jami'ar, daga nan ya kai ga Takahama Kyoshi (1874–1959), almajirin Shiki kuma jagoran mujallar Hototogisu, wadda aka kafa a 1897. A shekarar 1908 Dakotsu yana cikin matasan da ke halartar zaman horo na musamman da Kyoshi ke gudanarwa.

Abubuwa biyu suka faru kusan lokaci guda. Kyoshi ya jingine haiku ya koma rubutun zube, gida kuma suka kira ɗansu ya dawo. A 1909 Dakotsu ya bar jami'a bai kammala ba, ya sayar da littattafansa, ya koma ƙauye. A shekarar da ta biyo Bokusui ya bi shi har gida, yana jan hankalinsa da ya koma Tokyo ya ci gaba da adabi, amma bai koma ba. A 1911 ya yi aure, ya rungumi harkar gona. Ya raɗa wa gidansu suna Sanro, ma'ana bukkar tsauni, sunan da ya zama laƙabinsa na biyu.

Bayan 'yan shekaru Kyoshi ya dawo fagen haiku, domin ya kare awon 5, 7, 5 da kalmar yanayi daga wata tafiya ta sabuntawa da ke neman watsi da su, wadda Kawahigashi Hekigoto ke jagoranta. Ya sake buɗe shafin zaɓaɓɓun waƙoƙi a Hototogisu. Da jin haka sai Dakotsu ya shiga aika waƙoƙinsa ta gidan waya daga ƙauye. Kafin a je ko'ina sunansa ya fara fitowa a sahun farko na shafin, tare da su Murakami Kijo da Watanabe Suiha da Hara Sekitei da Maeda Fura. Manazarta na ɗaukar wannan zamani a matsayin lokacin bunƙasar mujallar na farko. Daga cikin waɗannan, Maeda Fura shi ma ya yi suna da waƙar tsauni, bayan ya koma zama a Toyama, yankin da ke fama da dusar ƙanƙara.

3.4 Mujallar Unmo da Tsarin Koyarwa

Domin a fahimci aikin Dakotsu, wajibi ne a san yadda ake koyon haiku a Japan. Mawaƙa kan taru a ƙungiya ƙarƙashin malami guda, kowace ƙungiya kuma tana da mujallarta. Duk wata almajirai kan aiko da waƙoƙinsu, malami ya karanta, ya zaɓi waɗanda suka cancanta, ya jera su bisa daraja, wani lokaci ya yi ɗan gyara ko sharhi. Zaɓen nan shi ne koyarwar. Almajiri kan gane inda ya dace da inda ya kauce ta hanyar duba abin da aka ɗauka da abin da aka bari.

Akwai kuma zaman haiku, da suke kira kukai. Kowa zai rubuta waƙoƙinsa a ƙananan takardu ba tare da suna ba. Sai a cakuɗa su, a sake kwafe su da hannun wasu don kada a gane rubutun mai su, a zagaya da su kowa ya zaɓi waɗanda suka burge shi. Sai an karanta waƙar da aka zaɓa a fili sannan mai ita zai ambaci sunansa. A irin wannan zama waƙar sabon shiga tana iya doke ta malami.

A 1915 aka roƙi Dakotsu ya zama mai zaɓen waƙoƙi na wata ƙaramar mujalla mai suna Kirara, wadda ake bugawa a jihar Aichi. A 1917 ya zama jagoranta, aka sauya sunan zuwa Unmo, sunan wani dutse mai ƙyalli da ke ɓarewa falle-falle. A 1925 aka mayar da cibiyar bugunta Kofu. Ta haka ƙauyen da ake ganin lungu ne ya zama wurin da waƙoƙi ke kwararowa daga sassan ƙasar duk wata. Dakotsu yakan yi tafiye-tafiye don halartar tarukan almajiransa, a 1940 ma ya je Koriya da ƙasar Sin, amma kullum Sanro yake komawa.

Bai yi gaggawar fitar da diwani ba. Na farko, Sanroshu, ya fito ne a 1932, yana da shekara 47, ɗauke da waƙoƙi 1,775. Bayansa aka sami Reishi a 1937, da Kodamashu a 1940, da Hakugaku a 1943, da Shinzo a 1947, da Sekkyo a 1951, da Kakyo no Kiri a 1956. Sunayen kansu suna nuna inda zuciyarsa take, domin a cikinsu akwai bukkar tsauni da amon tsauni da farin ƙololuwa da kwazazzabon ƙanƙara da hazon garin haihuwa.

3.5 Jigo da Salo

Babban jigon Dakotsu shi ne tsauni da rayuwar da ke gindinsa. Sai dai akwai bambanci tsakanin kallon baƙo da kallon mazauni. Baƙo yakan zo tsauni a lokacin da ya fi kyau, ya yaba, ya tafi. Mazauni kuwa yana tare da shi a lokacin da iskarsa ke fasa leɓe, da lokacin da raɓarsa ke daskarewa ta kashe shuka, da lokacin da ake ɗaukar gawa a hau gangarensa. Saboda haka a waƙoƙin Dakotsu akan haɗu da manoma da masu ƙona gawayi da mafarauta da tsofaffi da marasa lafiya da masu jana'iza, tsaunin kuma yana tsaye a bayansu. Wanda ya kalli ƙololuwa guda kowace safiya shekara hamsin yana ganin sauyin da mai wucewa ba zai taɓa lura da shi ba.

Ta fuskar salo, ana iya fitar da abubuwa huɗu.

Na farko, haɗa ƙarami da babba. Yakan ɗauki abu ƙanƙane da ke kusa da ƙafar mutum, ya ajiye shi gefe da abu mai girma da ke can nesa, ya bar yanka ta raba su. Fitacciyar waƙarsa ta shekarar 1914 an gina ta ne a kan abu biyu: raɓa a ganyen gwaza, da jerin tsaunuka. Ɗaya ba ta kai hantsi, ɗayan kuwa ya girmi tarihin ɗan Adam. Mawaƙin bai yi wa'azi a kan gajartar rayuwa ba, ya dai jera su ya yi shiru.

Na biyu, nauyin lafazi. Japananci yana da kalmomin asali masu taushi, da kuma kalmomin da aka aro daga Sinanci masu kauri da kwarjini, kusan yadda kalmomin Larabci ke ƙara wa rubutacciyar waƙar Hausa nauyi. Dakotsu ya yawaita amfani da kashi na biyu, tare da tsohon nahawun adabi. Wannan ya ba waƙarsa amo mai ƙarfi wanda ya dace da duwatsu, ko da yake ya sa wasu waƙoƙin sun yi wa mai karatu na yau tsauri.

Na uku, tsayuwa da kai. Manazarta sukan siffanta waƙoƙinsa da kalmar tateku, wato baiti mai tsayuwa, irin wanda ya isa a buɗe sarƙa da shi a zamanin Basho. Irin wannan baiti yana da kalmar yanayi bayyananniya da yanka mai ƙarfi, kuma ba ya bukatar wani bayani a gabansa ko a bayansa.

Na huɗu, shigar zuciya cikin hoto. Ko da yake ya fito daga makarantar da ke koyar da zana abin da ido ya gani, bai yarda aikin mawaƙi ya tsaya nan ba. A waƙoƙinsa na ƙuruciya akwai ƙirƙira mai kama da ta labari, har Kyoshi ya lura cewa burinsa na zama marubucin ƙagaggun labarai ya ɓuya ne a cikin haikunsa. Wannan siffa ce ta ja hankalin shahararren marubucin gajerun labarai Akutagawa Ryunosuke (1892–1927), wanda ya rubuta 'yar maƙala a kansa a 1924. Da Akutagawa ya mutu, Dakotsu ya yi masa waƙar ta'aziyya.

3.6 Shekarun Yaƙi da Rashi

Dakotsu yana da 'ya'ya maza biyar. A 1941 na biyu, Kazuma, ya mutu bayan rashin lafiya. Na farko, Soichiro, wanda shi ne magajin gida, an kashe shi a yaƙin tsibirin Leyte na ƙasar Filifin a 1944, amma sanarwar hukuma ba ta iso gida ba sai 1947. Na uku, Reizo, ya faɗa hannun dakarun Tarayyar Sobiyet a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ya mutu a tsare a Mongoliya a 1946. A cikin waɗannan shekaru ne kuma ya rasa mahaifiyarsa da mahaifinsa. Mujallar Unmo ta tsaya a 1945, shekarar da jiragen Amurka suka ƙone mafi yawan birnin Kofu, sannan ta dawo a 1946.

Mutumin da ya bar jami'a don ya riƙe gida sai ga shi yana kallon gidan yana zubewa a gabansa. A nan ne aka jarraba ƙarfin wannan 'yar gajerar waƙa. Bugu 17 ba su da wurin kuka mai tsawo, ba su da wurin lissafa halayen mamaci kamar yadda marsiyya ke yi. Abin da mawaƙin ke da shi kawai kalmar yanayi ce da hoto guda. Waƙoƙinsa na wannan zamani, musamman na cikin Shinzo da Sekkyo, sun koma ga sanyi da ƙanƙara da kaɗaicin tsufa. Tsaunin da a da yake alamar kwarjini ya zama abokin zaman makoki. Taƙaita magana ya hana baƙin cikin ya zama kururuwa, kuma wannan kamewa ita ce ke taɓa mai karatu.

A daidai wannan lokaci haiku kanta ta sha suka. A 1946 wani masanin adabin Faransa, Kuwabara Takeo, ya buga maƙala a mujallar Sekai. Ya jera haiku 15 ba tare da sunaye ba, 10 na manyan mawaƙa, ciki har da Dakotsu da Kyoshi, 5 kuma na mutanen da ba a san su ba. Hujjarsa ita ce mai karatu ba zai iya bambance su ba, don haka darajar mawaƙin haiku ta dogara ne da yawan almajiransa, haiku kuma fasaha ce mai daraja ta biyu. Sukar tana da ƙamshin gaskiya game da tsarin ƙungiyoyi, inda biyayya ga malami kan danne sabon tunani. Sai dai ana iya cewa haiku guda kamar tubali guda ce. Sai an karanta ɗaruruwan waƙoƙin mutum a jere, shekara bayan shekara, sannan ake ganin ginin da ya yi da muryar da ta bambanta shi da saura. Diwanan Dakotsu hujja ce a kan haka.

3.7 Rasuwarsa da Abin da ya Bari

Dakotsu ya mutu a gidansa ranar 3 ga Oktoba, 1962, yana da shekara 77. Ranar mutuwarsa ta shiga kundayen kalmomin yanayi a matsayin kalmar kaka, kamar yadda ake yi wa manyan mawaƙa. Diwaninsa na ƙarshe, Chinkashu, ya fito a 1966. A 1967 kamfanin ɗab'i na Kadokawa ya kafa lambar yabo da sunansa, wadda ake ɗauka a matsayin mafi daraja a fagen haiku.

Ɗansa na huɗu, Iida Ryuta (1920–2007), wanda rashin yayyensa ya ɗora wa nauyin gida, shi ya gaji Sanro da mujallar, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan haiku na bayan yaƙi. A 1992 ya rufe Unmo da kansa, bayan fitowa ta 900. Ana adana rubuce-rubucen uban da ɗan a gidan tarihin adabi na jihar Yamanashi da ke Kofu.

3.8 Darasi ga Malamin Waƙa

Ba a kawo tarihin Dakotsu don a mayar da yaran Hausawa mawaƙan haiku ba. Akwai dai abubuwa uku da malami zai iya ɗauka ya shiga aji da su.

Na farko shi ne lura. Idan aka ce yara su rubuta waƙa, yawancinsu kan ruga zuwa manyan jigogi, kamar ilimi ko zaman lafiya, su cika takarda da kalaman da suka ji a bakin wasu. Malami zai iya fara aika su su kalli abu guda, kamar bishiyar da ke harabar makaranta, kowace safiya har mako biyu, su rubuta abin da ya sauya. Wanda ya iya gani shi zai iya siffantawa.

Na biyu shi ne taskace kalmomin yanayi. Hausa tana da arziki a nan: bazara da damina da marka da kaka da ɗari, kowanne da alamunsa. Shamuwa tana shelar ƙaratowar damina, tumu yana nuna shigowar kaka, gawo kuwa yakan zubar da ganye lokacin da sauran itatuwa ke kore. Aji zai iya haɗa ɗan kundinsa ta hanyar tambayar iyaye da kakanni, wanda hakan zai ceto kalmomin da yaran birni suka fara mantawa.

Na uku shi ne zaɓe ba tare da suna ba. Idan aka ɓoye sunaye kamar yadda ake yi a zaman kukai, yaro mai kunya yakan sami damar da ba ya samu, ɗalibai kuma sukan koyi kafa hujja a kan abin da ya sa suka fifita wannan baiti a kan wancan. Wannan shi ne matakin farko na tarken adabi.

4.0 KAMMALAWA

An ga yadda alhakin gida ya raba Iida Dakotsu da birni da jami'a, ya tsare shi a ƙauye guda fiye da rabin ƙarni. Wannan zama ya ba shi sanin tsauni irin na maƙwabci, ya ba waƙarsa nauyi da kamewa, ya kuma ba shi harshen da ya ɗauki rashin 'ya'ya uku da shi. Mawaƙi ba ya rasa abin waƙa don ƙanƙantar garinsu. Malamin da aka tura makarantar ƙauye ya tuna cewa abin da ɗalibansa ke wucewa ta gabansa kowace safiya ya isa a gina darasin waƙa a kansa.

5.0 AUNA FAHIMTA

1. Kawo ginshiƙan haiku uku, ka yi bayanin kowanne a taƙaice.
2. Mene ne bambancin gaɓa da bugu? Ƙirga bugun waɗannan kalmomi: kaka, raɓa, hunturu, gajimare.
3. Waɗanne dalilai suka sa Dakotsu ya koma ƙauye a 1909?
4. Bayyana bambancin kallon baƙo da kallon mazauni kamar yadda ya shafi waƙar tsauni.
5. Wace hujja Kuwabara Takeo ya kafa a 1946? Kana ganin za a iya yi wa rubutacciyar waƙar Hausa irin wannan gwaji? Kawo dalilanka.

6.0 JINGA

(a) Tattaro kalmomi ko alamomi 20 da ke nuna lokutan shekara a yankinku, ka kasa su bisa yanayi, ka nuna daga bakin wane rukunin mutane ka samo kowanne.

(b) Tsara darasi na minti 40 ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, wanda zai kai su ga rubuta baiti guda a kan abin da suka gani da idonsu a hanyar zuwa makaranta. Nuna matakan gabatarwa da aikin ɗalibai da yadda za a auna su.